Kujerar Majalisar Jiha: Amana Ce Ko Tsani?

Gabatarwa

Duk inda aka zauna hirar siyasa a Azare, ko a teburin mai shayi ko a tashar mota ko a majalisar ƙofar gida, ba a daɗewa sai an gangaro kan kukan da aka saba. Kukan kuwa shi ne, tun bayan Alhaji Abubakar Tatari Ali, wanda ya mulki tsohuwar Jihar Bauchi daga 1979 zuwa 1983, ƙasar Katagum ba ta sake fitar da zaɓaɓɓen gwamna ba. Daga 1999 zuwa yau an yi Ahmadu Adamu Mu'azu, an yi Isa Yuguda, an yi Muhammad Abdullahi Abubakar, ga kuma Bala Muhammad, amma babu ɗan yankin ko ɗaya a cikinsu. Abin da aka fi ba yankin shi ne kujerar mataimaki. Akan ƙara da cewa, ta yaya ƙasar da ta haifi irin su Alhaji Sule Katagum da Alhaji Aminu Saleh da Mahmud Yayale Ahmed da Malam Adamu Adamu za ta dawwama a kujerar baya?

Kukan yana da hujja, ban musa ba. Sai dai akwai wata kujera da take hannunmu tun 1999, wadda babu wanda ya taɓa ƙwace mana ita, amma ba kasafai ake jin an yi zancenta a waɗannan majalisu ba. Ita ce kujerar ɗan Majalisar Dokoki ta Jiha. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, wannan kujera amana ce mai nauyi da iko, amma masu hawanta sun mayar da ita tsanin hawa sama, mu kuma masu zaɓe mun mayar da mai ita ma'ajin unguwa. Muddin ba mu gyara wannan ba, ko an ba mu gwamna gobe, ba lallai ne talakan Madara ko Chinade ya ga bambanci ba.

Mene Ne Aikin Ɗan Majalisa?

Majalisar Dokoki ta Jihar Bauchi tana da kujeru 31. Ƙaramar Hukumar Katagum, mai hedikwata a Azare, tana da biyu daga ciki: Azare/Madangala da Madara/Chinade. Sauran ƙananan hukumomi shida na Bauchi ta Arewa, wato Zaki da Gamawa da Itas/Gadau da Jama'are da Shira da Giade, kowace tana da nata wakilci. Idan waɗannan wakilai suka haɗa baki a kan magana guda, babu gwamnan da zai yi kunnen uwar shegu da su.

To, me kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora musu? Na farko, yin doka. Idan majalisa ta zartar da ƙuduri gwamna ya ƙi sa hannu cikin kwana 30, sashe na 100 ya ba ta damar sake zartar da shi da ƙuri'ar kashi biyu cikin uku, ya zama doka ko gwamna yana so ko ba ya so. Na biyu, riƙon bakin aljihu. Sashe na 120 da na 121 sun nuna cewa ko kwabo ba a fitarwa daga baitulmalin jiha sai da amincewar majalisa, gwamna kawo kasafin kuɗi yake yi, majalisa ce mai amincewa. Na uku, sa ido. Sashe na 128 da na 129 sun ba majalisa ikon binciken kowace ma'aikata, ta kira kwamishina ko babban sakatare ko ɗan kwangila ya zo ya yi bayani, in ya ƙi a tilasta masa. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha ma gabanta ake kai shi. Bugu da ƙari, kwamishinoni ba sa kama aiki sai ta tantance su, dokar tafiyar da ƙananan hukumomi ita ke yin ta, sannan sashe na 188 ya ba ta ikon tsige gwamna ko mataimakinsa. Domin a samu lokacin yin duk wannan, sashe na 104 ya wajabta mata zama na aƙalla kwana 181 a shekara.

Mai karatu, duba wannan jeri da kyau. Babu rabon shinkafa a ciki, babu rabon babura, babu biyan kuɗin suna. Amma idan aka tambayi mutum goma a kasuwar Azare abin da ɗan majalisarsu ya yi, da wuya a sami wanda zai ambaci doka ko bincike. Abin da za a ji shi ne, “ya raba keken ɗinki,” ko kuma, “ba ya ɗaga waya.”

Darasin Shekarar 2009

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Bari mu waiwayi wani al'amari da ya shafi 'ya'yan yankin nan guda biyu, domin a ganina babu misalin da ya fi shi nuna yadda tsanin nan yake aiki.

A 2007 Malam Isa Yuguda ya ci zaɓen gwamna a jam'iyyar ANPP, tare da mataimakinsa Alhaji Garba Muhammad Gadi, ɗan yankin Katagum. A 2009 gwamna ya sauya sheƙa zuwa PDP. Mataimakinsa ya ƙi bin sa, ya tsaya a jam'iyyar da jama'a suka zaɓe su a cikinta. Ba a ɗauki dogon lokaci ba sai majalisa ta taso da maganar tsigewa, kuma a watan Agusta na wannan shekara aka tsige Gadi. Kakakin majalisar a lokacin shi ne Alhaji Babayo Garba Gamawa, shi ma ɗan yankin. Da kujerar mataimaki ta zama babu kowa, wanda gwamna ya gabatar don ya cike ta, majalisa kuma ta amince, shi ne Kakakin da kansa. A watan Yuni na 2010 Babbar Kotun Jiha ta soke tsigewar, ta ba da umarnin a mayar da Gadi kan kujerarsa. A zaɓen 2011 Babayo Gamawa ya zama Sanatan Bauchi ta Arewa a PDP har zuwa 2015. Daga baya ya zama Mataimakin Shugaban PDP na ƙasa mai kula da Arewa, a farkon 2019 ya koma APC, a cikin wannan shekarar kuma Allah ya yi masa rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Alhaji Garba Gadi, ya gafarta musu baki ɗaya.

Ban kawo wannan tarihi don tonon asirin mamaci ba, abu ne da ya faru a bainar jama'a, jaridu suka buga, kotu ta yi hukunci. Kuma ba mutum ɗaya ne ya tsige Gadi ba, tsarin mulki ya buƙaci kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa. Abin da nake so mu lura da shi shi ne darasin da matashin ɗan siyasa zai ɗauka idan ya kalli wannan tafiya: daga ɗan majalisa zuwa Kakaki, daga Kakaki zuwa mataimakin gwamna, daga nan zuwa Majalisar Dattawa, duk cikin 'yan shekaru kaɗan. Zai fahimci cewa hanyar hawa tana bi ta gidan gwamnati ne. Zai kuma ga cewa makami mafi kaifi da majalisa ta mallaka, wanda aka tanada domin hukunta babban laifi a ofis, an zare shi ne jim kaɗan bayan rikicin sauya jam'iyya. Tambayar da ya kamata mu yi ita ce, sau nawa muka ga an nuna irin wannan himma da sauri a kan asibitin da babu magani, ko makarantar da rufinta ya yaye, ko kwangilar da aka biya kuɗi ba a yi ba?

Sannan wa ya ci riba a ƙasar Katagum? An sauke ɗanta, an ɗora ɗanta, kotu ta sauke wanda aka ɗora. Kusan shekara guda ana kai ruwa rana a kan kujera, talaka yana kallo.

Bayan Shekara Goma

Wani zai ce ai wannan tsohon zance ne. To, mu matso kusa. A zaɓen 2019 jama'ar Bauchi sun yi wani abu mai ban sha'awa: sun ba PDP kujerar gwamna, suka ba APC rinjaye a majalisa, kujeru 22 cikin 31, PDP na da 8, NNPP na da 1. A ƙa'ida wannan dama ce ta a sami majalisar da za ta tsaya da ƙafafunta ta binciki gwamnati. Me ya faru? Ranar 20 ga Yuni, 2019, da sassafe, 'yan majalisa 11 suka shiga zaure suka zaɓi Abubakar Y. Sulaiman na Ningi a matsayin Kakaki. Sauran, waɗanda suka fi yawa, suka taru a waje ƙarƙashin gunkin sandar majalisa suka zaɓi Kawuwa Shehu Damina. Aka wayi gari da Kakaki biyu a jiha ɗaya, har sai da Majalisar Wakilai ta Tarayya ta sa baki. Aka kwashe makonni kafin ƙura ta lafa.

Ba ina nan ne don in ce wane ne mai gaskiya ba. Abin lura shi ne, a 2009 da 2019, manyan abubuwan da suka sa Nijeriya ta ji sunan majalisarmu duk rigimar kujera ce. Haka kuma matsalar ba ta Bauchi kaɗai ba ce. A gyaran tsarin mulki na 2010 an kawo wa majalisun jihohi tayin 'yancin cin gashin kansu ta fuskar kuɗi, amma aka kasa samun majalisu 24 da ake buƙata su amince. Wato an miƙa wa ɗaure mabuɗin ankwa ya ce a mayar wa mai gadi. Sai a 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan gyaran da ya ba su wannan 'yanci, kuma bayan nan ma an daɗe ana jan ƙafa wajen aiwatarwa. Majalisar da sai ta je gidan gwamnati roƙon kuɗin man mota, ta yaya za ta ɗaga murya a gaban mai gidan? Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Daga nan ne aka samo laƙabin da ake yi musu na 'yan amshin shata.

In Ɓera Da Sata, Daddawa Ma Da Wari

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Ɗan majalisa zai ce, “Ku zo ƙofar gidana da asuba ku gani.” Gaskiya ne. Kafin ya dawo daga masallaci layi ya kafu: wannan matarsa na asibiti an ce a kawo kuɗin tiyata, wancan ɗansa zai rubuta jarrabawar NECO, ga mai bikin 'ya, ga ƙungiyar matasa na son rigunan ƙwallo, ga wanda rufin ɗakinsa ya zube. Idan ya ce musu yana nazarin kasafin kuɗi ne, za a ce ya yi girman kai, ran zaɓe a kayar da shi. Sannan tikitin takara ba a hannun waɗannan mutane yake ba, yana hannun jam'iyya, jam'iyya kuma a jiha kowa ya san hannun da take. Saboda haka sai ya raba kansa biyu: biyayya ga na sama domin ya sami abin rabawa, rabo ga na ƙasa domin ya sami ƙuri'a.

Na yarda da cewa taimakon mabukaci alheri ne, addini ma ya yi umarni da shi. Wanda aka biya wa kuɗin magani ya warke ba zai taɓa cewa an yi aikin banza ba. Amma mu yi lissafi. Ɗan majalisa komai kyautarsa, mutum nawa zai iya biya wa kuɗin asibiti a shekara? Ɗari? Ɗari biyar? Mazaɓarsa kuwa dubban mutane ne. Amma idan ya tsaya a kwamitin lafiya ya tabbatar an saki kuɗin da aka ware wa ƙananan asibitocin karkara, an ɗauki ungozoma, an kai magani, ya taimaki matan da ba su san hanyar gidansa ba, har da waɗanda ba su zaɓe shi ba. Layin da ke ƙofar gidansa alama ce ta cewa wata ma'aikata ba ta yi aikinta ba, kuma shi ne doka ta ba ikon tambayar dalili. Idan ya bar tambayar ya koma rabon kuɗi, ya zama mai kwasar ruwa daga ɗakin da rufinsa ke yoyo, alhali tsani da kwano suna hannunsa.

Mu kuma da muke karɓar taliya da sabulu da atamfa ran zaɓe, mun sayar da bakinmu na shekara huɗu a kan abin da ba ya kai mako guda. Wanda ya sayi kujera da kuɗi, dole ya nemi uwar kuɗinsa da riba.

Abin Da Ya Kamata Ya Sa A Gaba

Idan aka tambaye ni abin da wakilin Azare ko na kowace mazaɓa a yankin nan ya kamata ya fifita, zan kawo abubuwa huɗu.

Na farko, ambaliya. Kogin Jama'are da fadamunsa arziki ne ga manoman shinkafa da alkama da masunta, amma kusan kowace damina mai ƙarfi sai an yi kuka. A 2022 ruwa ya yi ɓarna a Zaki da Gamawa da Jama'are. A watan Agusta na 2024 ambaliya ta yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Azare. Ita wannan hanya ta gwamnatin tarayya ce, amma magudanan ruwa na cikin gari, da hanyoyin ƙauyuka, da kuɗin Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Jiha, da kason da jiha ke samu daga asusun kula da muhalli, duk suna ƙarƙashin idon majalisa. Zuwa jaje da buhunan masara bayan ruwa ya ci gari abu ne mai kyau, amma rigakafi ya fi magani. A watan Janairu ake tambayar abin da aka ware, a watan Mayu a je a ga ko an yi.

Na biyu, ilimi. Ana yawan ambaton Bauchi cikin jihohin da suka fi yawan yaran da ba sa zuwa makaranta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tanadi tallafi daga tarayya, amma sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa. Wakili nagari zai riƙa tambaya kowace shekara: an ajiye? An karɓo? Azuzuwa nawa aka gina, a ina? Kuma muna da shaidar cewa doka tana haifar da abu mai ɗorewa. Jami'ar jiha da ke Gadau, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Sa'adu Zungur, da dokar 2010 aka kafa ta. Baburan da aka raba a wannan shekarar sun daɗe da zama tsohon ƙarfe, jami'a kuwa tana nan tana yaye ɗalibai. Haka Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare, mai horar da malaman da ƙauyukanmu ke buƙata, kasafinta ta majalisa yake bi.

Na uku, ƙananan hukumomi. Jihar Bauchi ta shafe kimanin shekara 12, daga 2008 zuwa 2020, ba a yi zaɓen ƙananan hukumomi ba, sai naɗin kantomomi, kuma majalisu suna zaune aka yi haka. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma mulkin kantomomi ya saɓa wa tsarin mulki. Ko wannan hukunci zai yi tasiri a Katagum da Shira da Giade, ya danganta ƙwarai da irin dokokin da majalisar jiha za ta yi da irin sa idon da za ta yi a kan shugabannin da aka zaɓa.

Na huɗu, komawa gida da bayani. Ba kuɗi kawai ake kai wa mazaɓa ba. Me zai hana wakili ya tara jama'a sau biyu a shekara, ya karanta musu da Hausa abin da aka ware wa yankinsu a kasafin kuɗi, da abin da aka saki, da ƙudurorin da ya gabatar, da yadda ya kaɗa ƙuri'a? Wanda ya yi aiki ba ya tsoron lissafi.

Kammalawa

'Yan'uwana ɗalibai, wannan magana ta fi shafarmu. Tun daga 2018, da aka rage shekarun takara, mai shekara 25 yana iya neman kujerar majalisar jiha. Wato wasu daga cikin masu karanta wannan mujalla sun isa, wasu kuma saura ƙiris. Kafin nan ma akwai aikin da ya rataya a wuyanmu mu 'yan Sashen Hausa musamman. Tsarin mulki da kasafin kuɗi da Ingilishi ake rubuta su, mafi yawan masu zaɓe kuwa da Hausa suke tunani. Wa zai fassara musu sashe na 128 in ba mu ba? Wa zai gaya wa dattijo a Madangala cewa sashe na 110 ya ba shi ikon yi wa wakilinsa kiranye, idan fiye da rabin masu rajista a mazaɓar suka sa hannu? Hanyar tana da wuya, yunƙurin da aka yi wa Sanata Dino Melaye a Kogi a 2018 ma bai kai labari ba, amma wakilin da ya san mutanensa sun san haƙƙinsu ba zai yi barci da ido biyu ba.

Idan 'yan takara suka zo neman ƙuri'a, kada mu tsaya ga “me ka kawo mana?” Mu tambaye su: wace doka za ka kai? Wane kwamiti kake so, kuma me ya sa? In gwamnan jam'iyyarka ya kauce, za ka iya faɗa masa? Mai neman tsani zai yi ta kame-kame, mai neman amana zai ba da amsa.

Neman gwamna ɗan Katagum ba laifi ba ne, a ci gaba da nema. Amma wanda bai riƙe ɗan akuyar da ke hannunsa ba, da wace hujja zai nemi a ba shi sa? Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah ya ba mu wakilai masu tsoronsa, ya ba mu ikon zaɓen su, amin.